Kabejin da Ba a Ci

Asabar, 14 ga Oktoba
Tsuneo yana asibiti har yanzu, huhun ne dai. Ya bar mini habotan ɗinsa jere a tukwane a bakin ƙofa, kabejin nan na ado da ake ƙawata gida da shi a sabuwar shekara. Tun aurenmu nake masa tsiya: mutum da hankalinsa ya shuka kabejin da ba a ci! Yau ga ni tsugune da tsinken cin abinci ina cire musu tsutsa. Na ga sun rame, na zuba musu taki har da ƙari.

Lahadi, 15 ga Oktoba
Na gaya masa don ya yaba. Sai ya zare robar iska daga hancinsa. "Taki? Yanzu? Ke dai, ke dai! Sai sun sha yunwa da sanyi suke yin ja. Kin ƙosar da su, kore za su zauna." Na ce, "To tashi ka je ka yi da kanka, tsoho." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce shi dai yana so ya ga jansu kafin… bai ƙarasa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Lahadi, 5 ga Nuwamba
Kore shar. Sanyin ma bana ya ƙi zuwa.

Talata, 21 ga Nuwamba
Kullum tambayarsa ɗaya: "Sun fara?" 'Yarmu Chizuru ta ce in sayo ja a kanti in kai masa. Na biye mata. Ya juya tukunyar, ya leƙa gindin. "Wannan ba nawa ba ne. Nawa na tsige musu ganyen ƙasa." Bai yi fushi ba. Da ma ya yi, da na fi samun sauƙi.

Laraba, 6 ga Disamba
Na yi ta kwarara musu ruwa ko takin ya wanke. Na zage su da ƙarfi, har maƙwabciyata Fusae ta leƙo.

Juma'a, 8 ga Disamba
Ya rasu da hantsi.

Talata, 19 ga Disamba
Sanyi ya sauka, ruwan bokiti ya daskare. Na fito, ga kabejin nan tsakiyarsu ta yi ja wur, wasu fari fat. Yanzu ne? Marasa kunya. Na shuri ɗaya, tukunyar ta fashe, na zauna a kan dakali na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Alhamis, 28 ga Disamba
Fusae ta zo tana murza hannu. "Yaya, ki yi haƙuri fa. Gidan makoki ba ya ado da ja da fari a sabuwar shekara, kuma mutane na wucewa." Gaskiya ta faɗa, shi ya fi ba ni haushi. Na kwashe su na kai can baya, inda masu wucewa ba sa gani. Wanda ya fi ja na ajiye gaban hotonsa, kusa da turare. Na ce, "Ga shi nan, ka gani. Kai ne ka yi gaggawa."

Alhamis, 11 ga Afrilu
Sun yi tsayi, sun fitar da fure rawaya, sun yi muni. Kowa a layin ya tuge nasa. Chizuru ta ɗauko shebur, na ce ta bari sai kwanson ya bushe. Ta ce, "Au, iri za ki ɗiba, Mama?" Na ce wa ya gaya mata?

A watan Agusta yake shukawa, in ban manta ba. Buhun takin na ba Fusae.