Wardi a Fangalin Albasa

Ƙanƙara,
Nuwamba, 1975

Zuwa ga Yaya Sha'ibu, a Mairuwa.

Gaisuwa mai yawa da ladabi, da fatan kana lafiya kai da iyali da Inna.

Bayan haka, direban da ya ba ka wannan takarda zai sauke maka kwanduna. Kada ka ga ƙirare masu ƙaya ka raina su. Dashen wardi ne mai aure, daga Jos aka kawo, kowane reshe fure guda yake yi, babba kamar dunƙulen hannu. Maigidana Alhaji Ɗanliti ya kusa gama gidan saukar baƙin da yake ginawa, ya ce yana son sabuwar fulawa bisa kowane tebur kamar yadda ya gani a Kaduna. Nan take na ce masa muna da fadama.

Yaya, bana ka bar albasa. Duniya ta canza, tun da aka yi ƙarin albashin Udoji mutane ado suke nema. Ka haƙa rami mai zurfi, ka zuba tsohon takin shanu, kada ka binne kullin da ke gindin, a nan aka yi auren. Duk tohon da ya fito ƙasa da kullin ka cire shi, ba ya fure. Ruwa da safe, a gindi, ban da ganye. In sun fara buɗewa ni da kaina zan zo da mota.

Ka gaida Inna, ka ce mata ta kusa hutawa.

Ƙanenka,
Gide

*

Mairuwa,
Fabrairu, 1976

Zuwa ga Gide.

Bayan gaisuwa, muna nan lafiya, Inna tana sa maka albarka.

Na yi yadda ka ce. Fadamar Baba duka na ba abin nan naka, ban bar ko fangali guda ba. Gara ta ci wasu, darɓa ta kama wasu har sai da na bi su da toka. Sauran sun kama.

Amma Gide, na sha magana. Maƙwabtana na jan jigo suna ba albasa ruwa, ni ina ba ƙaya. Ranar kasuwa wani ya ce mani, "Malam Sha'ibu, in ta nuna dakawa ake ko a miya ake sa ta?" Aka yi ta dariya. Surukina ya zo har fadama, ya tsaya ya duba, bai ce komi ba sai "Allah shi kyauta," ya juya. Da ya zage ni da ya fi mani sauƙi. Yanzu sai na bari mutane sun watse daga bakin masallaci kahin in wuce.

Ga wani abu kuma, kada ka faɗa wa kowa. Sun yi hure, ja da rawaya da wani kamar cikin gwanda. Da safe in na iso ƙamshin ke tarbata tun daga bakin hanya, sai in tarar na tsaya ina kallo kamar ba ni da aikin yi. Gemu da furfura.

Sai dai ba su jira. Yau su buɗe, jibi su zube. Yaushe motar za ta zo?

Yayanka,
Sha'ibu

*

Damari,
Mayu, 1976

Zuwa ga ƙanena Gide.

Ina gaishe ka, in har gaisuwar tana isa inda kake, don takardun Yaya Sha'ibu ba su samu amsa ba.

Ni ba zan yi maka kara ba. Makon jiya Yaya ya zo gidana. Bai tsaya a zaure wurin maigidana ba, ta bayan gida ya aiko a kira ni. Dawa yake nema. Mutumin da kowace shekara shi ke aiko mana da buhun albasa, yau shi ne tsaye a bayan dangar ƙanwarsa da buhu a naɗe cikin hammata. Rumbunsa ya ƙare, kuma babu albasar da zai sayar ya cike giɓi. Na auna masa, ya ɗauka, bai iya duban idona ba.

Sai da na matsa masa ya gaya mani ya je Ƙanƙara. Da ya gaji da jiran motarka, ya yanka furen tun da sassafe, ya jera a daro, ya rufe da jiƙaƙƙen buhu, ya hau a-kori-kura yana rungume da shi. Ya ce a ƙofar gidan saukar baƙin, maigadi ya shiga ya fito, ya ce masa ba ka nan. Ya jira har la'asar. Na ce, "To ina furen?" Ya ce, "Na bar shi a tasha."

Inna ba ta sani ba, ta ɗauka kana Legas. Ka gaya mani gaskiya, ina kake ranar?

Ka huta lafiya.

Yayarka,
Zulaihatu

*

Ƙanƙara,
Yuni, 1976

Zuwa ga Yaya Zulai.

Ina gaishe ki, ina neman gafararki kafin ki karanta.

Ina nan ranar. Ina cikin ofis, tagar tana kallon ƙofa.

Tun kafin a buɗe gidan, Alhaji ya dawo daga tafiya da kwalaye cike da fulawar roba. Ba ta son ruwa, ba ta yaushi, in ta yi ƙura a goge. Da na tuna masa da maganarmu sai ya yi dariya, ya ce, "Ashe da gaske ka ɗauka?" Abokan aikina suka taya shi. Na so in rubuto wa Yaya, na kasa. Kullum sai in ce gobe zan samo wani mai saye. Na je Funtuwa, na je Malumfashi, babu wanda ya saurare ni.

Ranar muna zaune da mutanen nan da suka yi mani dariya, sai na hango shi da daro a ka. Ɗaya ya ce, "Wane baƙauye ne wancan da kayan amarya?" Maigadi ya leƙo ya ce wani na nemana. Bakina ne ya ce a ce ba na nan.

Na kalle shi har la'asar. Ya matsar da daron inuwa, shi ya zauna a rana don inuwar ba ta isa biyu ba. Ruwan butarsa ma buhun ya yayyafa wa. Sau da yawa na miƙe, sai in koma in zauna.

Na bar aikin. Ina ɗaukar kaya a tasha. Ki karɓi dawar da na aiko ki kai masa, ki ce taki ce. Ba ni da fuskar da zan shiga Mairuwa da ita.

Ƙanenki,
Gide

*

Mairuwa,
Yuli, 1976

Gide,

Bayan gaisuwa. Zulai ba ta iya ƙarya ba, na san dawar wa muke ci. Allah shi yi albarka.

Ruwa ya zauna, noma ya fi ƙarfina ni kaɗai, ga Inna kullum tana tambaya. Ka taho. Masu dariya sun gaji, sun koma kan wani.

Zancen taga kuma, ka daina ɗaukarsa kai kaɗai. Na gan ka tun isowata. Na juya maka baya ne don kada ka san na gani. Jiran da na yi, ba don furen ba ne.

Sai ka zo.

Yayanka,
Sha'ibu