Ranar Karrama Inna Rabi

Assalamu alaikum, Yaya Sharhabil.

Ya ƙafar Umma? Ya mutanen Hayin Banki? Ina lafiya a Jidda. Aikin gidan da yawa, barci kaɗan, amma kada Umma ta ji.

An ce unguwa za ta karrama Inna Rabi mai ƙosai ranar Asabar. Don Allah ka je a madadina. Da na fid da rai da karatun 'yata Nafisa, ita ta ce, "Share hawayenki, kurame ma suna da makaranta." Ta sauke kaskonta, ta yi ta kai mu ofis-ofis har aka ɗauke ta.

Jiya a wayar bidiyo Nafisa ta ce min "Mama" da hannu. Na sa ta yi ta maimaitawa.

Allah ya saka wa Inna da Aljanna.

Ƙanwarka,
Aziza