Motar da Ka Sa Aka Durƙusar

Zuwa ga ƙanena Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Mu nan lafiya lau, Goggo ta warware daga zazzaɓi, matar Kawu ta sauka lafiya, an samu mace. Inna ce kawai gwiwarta ta ƙi daɗi, kuma saboda ita na ɗauki biro, raina a ɓace.

Gajerun sifirin ɗin ƙafafun mota da ka aiko sun iso, bakanike ya cire na asali ya ɗaura su kamar yadda ka umarta. Tun a gareji ya ce bai taɓa ganin an durƙusar da motar kai tsohuwa asibiti ba, wannan aikin samari ne masu son a kalle su. Na ce ya yi aikinsa kawai, ƙanena ya yi karatu. Yanzu kunyar bi ta ƙofar garejin nake ji. Na sani Inna ce ta yi maka ƙorafi a waya cewa hawa motar na ba ta wuya, kai kuma daga can ka yanke hukunci, ba ka tambayi mu da ke ɗora ta muna sauke ta ba. To garin neman gira mun rasa ido. Da, hannu ɗaya nake ba ta ta hau. Yanzu faɗawa take yi cikin kujera, in za ta fito sai ni da maigidana mun ciccibo ta tana cije leɓe.

Ka manta dakalin simintin bakin get, wanda marigayi Baba ya zuba da hannunsa don tare ruwan sama? Motarka ba ta haye shi da mutum a ciki. Sai an fitar da ita wayam, Inna ta tako da sanda har titi. Tsakaninmu da asibiti akwai tudun rage gudu guda bakwai, na ƙirga su da haƙorana. Kowanne sai cikin motar ya kartu, salansa ta riga ta tsage, a na biyar kuwa dole kowa ya sauka. Uwarka, da wannan gwiwar, tana tsaye a rana masu babur suna ratse ta.

Na san za ka ce ai ta faɗa maka motar ta yi daɗi. Yaushe Inna ta taɓa kushe abin da ya fito daga hannunka? Sau biyu ke nan tana ƙin zuwa gashin ƙafa, wai ta ji sauƙi, alhali ina jin nishinta in za ta tashi daga sallaya. Na kawo tasi, ta ce ba za ta shiga ba, kada maƙwabta su ce motar autanta ta kasa. Na ce a mayar da tsofaffin sifirin, ta ce ba mai taɓa abin da ka saka. Shekaranjiya na tarar da magini a bakin get da guduma. Ita ta kira shi ya fasa dakalin Baba don motarka ta wuce. Na sallame shi, ta yini ba ta yi mini magana ba.

Wanda ya ɗaure kura shi ya san yadda zai kwance ta. Likita ya ce in ta sake fashi ranar Alhamis gwiwar za ta iya sandarewa. Ka kira ta kafin nan, ka ce da bakinka ka yi kuskure, a mayar da mota yadda take a da. Tsofaffin sifirin suna ƙarƙashin gadona, na hana a sayar wa masu gwangwan.

Ka gaida maiɗakinka da ɗiyarku 'Yar Lukuta. Goggo da Kawu suna gaishe ka. Inna ma ta ce in gaishe ka, in kuma faɗa maka mota lafiya lau take. Na isar da saƙonta.

Yayarka, wadda ke jiran kiranka kafin Alhamis.