Ƙorafi Kan Hotuna Tara da Fuskar Ikrama Ta Fito a Ciki

Daga:
Hajja Uwa Kyari,
Shugabar Malamai, Reshen Potiskum,
Gidauniyar Karatun Tsakar Gida,
Unguwar Ngojin, Potiskum.

Zuwa ga:
Alhaji Muhammadu Sani Abdulrahim,
Mai Girma Daraktan Kula da Ma'aikata,
Gidauniyar Karatun Tsakar Gida,
Damaturu, Jihar Yobe.

Litinin, 16 ga Yuni, 2025.

Yallaɓai,

GAME DA: SOKE DAMAR AIKI DAGA GIDA DA AKA BA MALAMA SUWAIBA BILYAMIN, DA ROƘON A SAKE DUBA HUKUNCIN

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, ina fatan Yallaɓai ya yi Sallah lafiya, shi da iyali da sauran ma'aikata. Mu ma a nan Potiskum mun yi lafiya, ruwa ya sauka, zafi ya lafa, alhamdu lillahi.

Na rubuto ne a madadin ɗaya daga cikin malaman da ke ƙarƙashina, Malama Suwaiba Bilyamin, mazauniyar Dogo Tebo, da saninta da kuma yardarta. Ranar Laraba 11 ga wannan wata aka aiko mata da takarda daga ofishin Yallaɓai, cewa an soke damar da aka ba ta ta yin aiki daga gida, kuma daga 1 ga Yuli za ta riƙa zuwa ofishin shiyya na Damagum kullum, ƙarfe takwas zuwa huɗu. In wannan hukunci ya tabbata, Malama Suwaiba ba za ta iya ci gaba da aiki da mu ba. Shekarata ashirin da bakwai ina riƙe alli, ban taɓa rubuta ƙorafi ba sai yau. In akwai inda na kauce wa tsari, a yi mini afuwa.

Kafin in shiga jera koke, bari in ɗan tuna wa Yallaɓai ko wace ce ita. Malama Suwaiba tana koyar da matan aure sittin da huɗu karatu da rubutu ta waya. Tana ɗaukar darasi da muryarta ta tura musu, masu babbar waya su raba wa marasa ita, kowace ta yi aikinta a littafi, a ɗauki hotonsa a maido mata ta duba. Inda Hausa ta yi wa ɗaliba nauyi, takan maimaita mata da Ngizimanci ko Karai-Karai, abin da babu wani malami a reshenmu da ya iya haɗawa sai ita. A watan Oktoban bara ta haifi ɗanta Ikrama, ga kuma yayarsa Muhsina mai shekara uku. Maigidanta a kasuwar shanu yake aiki, da sassafe yake fita. Da ta gama hutun haihuwa, sai gidauniya ta amince mata a rubuce, ranar 13 ga Janairu, ta yi aiki daga gida har ta yaye yaron, bisa sashe na bakwai na Littafin Ƙa'idojin Ma'aikata. Wata huɗu aka yi babu wanda ya ji kanta. Har Muhsina ta gane tsarin gidan: da ta ga Ummanta ta jingina waya da gwangwanin madara ta gyara murya, sai ta ɗauko nata littafin ta zauna shiru.

Ga abubuwan da nake kuka a kansu:

1. Ranar 5 ga Mayu aka kawo mana sabuwar manhajar halarta. Ƙa'idarta ita ce kowane ma'aikaci ya ɗauki hoton fuskarsa tsakanin ƙarfe takwas da takwas da kwata, a gaban teburinsa, shi kaɗai. In manhajar ta ga fuska biyu sai ta ƙi karɓa, ta rubuta cewa mutum bai zo aiki ba. An gaya mana an yi haka ne don kada wani ya sa wa wani hannu, kuma ban ga laifin niyyar ba. Sai dai a wannan lokaci na safiya Ikrama a goye yake. Ran da ya yi barci a baya, kansa yakan kwanta a bayan kafaɗar uwarsa, manhaja ta ga fuska ɗaya ta karɓa. Ran da idonsa biyu kuwa, da ya ga an ɗaga waya sai ya miƙo wuya ya leƙo ta kafaɗar dama, don yaro ne mai son hoto. Daga 5 zuwa 30 ga Mayu akwai ranakun aiki ashirin. An rubuta mata halarta goma sha ɗaya, fashi tara. Na zauna na jera hotunan ashirin ɗin a gabana ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda nake duba jarrabawa. Yallaɓai, rajistar nan ba ta halartar Malama Suwaiba ba ce, ta barcin Ikrama ce. A duk hotuna taran da aka ƙi karɓa tana zaune a gaban teburinta, littattafai a buɗe, alƙalami a hannu. A uku daga ciki yaron yana dariya.

2. Ba za a ce ba ta yi ƙoƙarin bin ƙa'ida ba. Ta gwada kwantar da shi a tabarma, ya sa kukan da ya sa maƙwabciyarta ta aiko a tambaya ko lafiya. Ta sa Muhsina ta tsaya a baya tana tafa masa don ya waiwaya, sai wasan ya yi wa Muhsina daɗi ita ma ta shigo hoton, fuska ta zama uku. Ranar 14 ga Mayu sau goma sha ɗaya ta ɗauka cikin kwata ɗin nan, babu wanda ya shiga. Washegari ta ja hijabi ta rufe shi ruf, a zafin Mayu na Potiskum, hoto ya shiga, amma da ta kwance shi ya jiƙe sharkaf da gumi. Da ta gaya mini, ni na hana ta sake yi. Na ce mata gara a rubuta fashi. Don haka in akwai laifi a ranakun da suka biyo baya, wani ɓangarensa nawa ne, kuma na ɗauka.

3. A waɗannan ranaku tara da takarda ta ce ba ta zo aiki ba, ta tura darussa tara, kowanne kafin azahar, kuma wayar kowace ɗaliba tana nuna rana da lokaci. Ta duba aikin gida ɗari biyu da ɗoriya. A cikin watan ne ma wata ɗalibarta mai jikoki biyar ta rubuta sunanta da hannunta a katin asibiti karo na farko a rayuwarta, ta sa aka ɗauki hoton katin aka turo wa Malama. Na haɗo jerin darussan da hotunan ashirin cikin wannan ambulan, don Yallaɓai ya gani da idonsa.

4. Irin wannan kuskure ya taɓa faruwa ga wani, aka gyara. Malam Bakari, malaminmu na lissafi, wanda shi ma daga gida yake aiki saboda ciwon ƙafa, manhajar ta ƙi karɓar hotonsa kwana biyu a jere, don akwai kalanda mai hoton mutum a bangon bayansa. Ya buga wa jami'in rajista, Mista Leonard, waya, suka yi dariya, aka gyara masa a ranar, ya cire kalandar. Na nemi izinin Malam Bakari kafin in ambace shi, ya ce in ambata har da kalandar. Da Malama Suwaiba ta buga tata wayar ranar 20 ga Mayu, amsar da ta samu ita ce yaro ba kalanda ba ne, kuma ganin jariri a hoto shaida ce cewa raino take yi a lokacin aiki. A kan cewa yaro ba kalanda ba ne na yarda da Mista Leonard, don shi ba a cire shi a naɗe. A kan sauran ne muka saɓa. Ba na neman a hukunta shi. Mutum ne mai ladabi da ƙwazo, abin da na'ura ta ba shi ya bi. Amma ina so Yallaɓai ya tuna su wa muke koyarwa. Kusan duk matan nan da goyo suke sauraron darasi, wata tana tuƙa tuwo, wata tana tsintar wake. Mu muka bi su gida gida muka ce musu raino ba ya hana karatu, suka yarda da mu, mazansu suka yarda. Ban san da wane baki zan koma in ce musu an ɗauke malamarsu saboda an gan ta da goyo ba.

5. Ranar 3 ga Yuni aka ba ta takardar tuhuma da wa'adin kwana biyu. Ta amsa ranar 4, cikin hidimar jajiberin Sallah, ta haɗa da hotunan. Ba a sanar da ita ko amsar ta isa ba, sai takardar hukunci ta zo bayan mako guda, babu ko kalma ɗaya a cikinta game da abin da ta rubuta. Sashe na bakwai da na ambata ya ce ba za a janye wannan dama ba sai an zauna da ma'aikaciya da shugabarta. Ni ce shugabarta. Babu wanda ya kira ni, kuma wayata kullum da caji.

6. Komawa Damagum ba zai gyara komai ba. Sai ta hau keke napep daga Dogo Tebo zuwa tasha, ta jira mota ta cika, da jariri a baya da 'yar shekara uku a hannu, safe da yamma, a tsakiyar damina. Mahaifiyarta ta rasu, surukarta ba ta garin, kuma ban san wurin raino ko ɗaya a unguwarsu da ke karɓar ɗan wata takwas mai shan nono ba. Ofishin Damagum ɗaki ɗaya ne a bakin titi, janareto a gindin taga. Darasin da aka ɗauka a can, rabinsa ƙarar tirela ne. Sannan ko ta isa takwas daidai, Ikrama yana bayanta, kuma manhajar Damagum ita ce dai ta Potiskum. Za a ci gaba da rubuta mata fashi tana zaune a ofis.

Saboda haka, cikin ladabi da biyayya, ina roƙon Yallaɓai abubuwa huɗu. Na farko, a dakatar da hukuncin 11 ga Yuni, a bar yarjejeniyar 13 ga Janairu ta ci gaba har a yaye yaron. Na biyu, a goge fashi taran daga fayil ɗinta, tare da takardar tuhumar. Na uku, ga duk malamar da ke shayarwa, a riƙa auna halartarta da darasin da ta tura a ranar, ko kuma mutum ya duba hoton da idonsa kafin a rubuta fashi. Akwai malamai biyu a reshenmu da ke jiran haihuwa kafin ƙarshen shekara, kuma suna kallon yadda wannan magana za ta ƙare. Na huɗu, in har ana ganin sai an zauna, a sa mana rana kafin ƙarshen wata. Za mu zo Damaturu ni da ita, da goyonmu.

Abu na ƙarshe, wanda na so in ɓoye amma na ga bai dace ba. Ranar Juma'ar da ta wuce Malama Suwaiba ta zo gidana da takardar ajiye aiki, ta rubuta ta sa hannu, ta ce in tura. Ba ta yi kuka ba, ta ma tsaya ta sha kunu, ta tambaye ni wa zan ba ajinta, kuma ko wanda zan ba ɗin zai yi haƙuri da tsofaffin ciki, don ba sa son a gaggauta su. Na karɓi takardar, na roƙe ta ta bar ni in riƙe zuwa 30 ga wata. Yau da safe ta tura darasinta kamar kullum, harafin ƙa suke kai. Takardar tana cikin durowata na kulle, kuma babban burina shi ne amsar Yallaɓai ta iso kafin ranar, in mayar mata da abarta.

Allah ya ƙara wa Yallaɓai lafiya da basira, ya dafa masa a kan nauyin da ke wuyansa. A huta lafiya.

Mai biyayya gare ka,

Hajja Uwa Kyari,
Shugabar Malamai, Reshen Potiskum.