Turmin Kakata da Bidiyon 'Yata

Assalamu alaikum Hajiya Rahma. Don Allah ki agaza mini da shawara, abin nan ya ishe ni.

Kakata Larai da ƙafa ta tako daga ƙasar Katsina, kusan shekara ɗari ke nan. Duk garin da ayari ya yada zango sai ta yi dakau, ta yi kitso, ta soya gyaɗa, da haka suka kai Sawakin suka hau jirgin ruwa. Da ta iso Jidda ma wankau ta riƙa yi wa alhazai, tana daka yaji tana sayarwa a bakin hanya. Turminta yana ɗakina har yau.

To, 'yata Tahani ta soma sayar da yajin nan ta waya, kuma ma sha Allah ana saye. Sai ta rubuta a jikin kwalba wai haɗin gidan attajirai ne na tsohuwar Jidda. Yanzu kuma wai in zauna ta ɗauke ni bidiyo in faɗi haka da bakina, a kau da turmin kada ya fito. Ni da malam ya karantar da mu cewa ƙarya a ciniki tana tafiya da albarka! Na ce a'a. Ta ce halas, wato shi ke nan, ban damu da ita ba, ban san abin da ƙawayenta suke faɗa a kan mu 'yan Takari, baƙaƙen fatan da suka zauna a nan, ba. Tun ranar sai gaisuwa kawai, ita ma da Larabci. Ni ban iya faɗa ba, Hajiya, sai dai abin yana cina.

Jikar Larai, unguwar Madain Fahd, Jidda

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kada ki faɗi abin da ba haka ba, ƙin da kika yi daidai ne. Amma Tahani ba ƙeta ba ce ta sa ta, gori ta sha tun tana makaranta. Ke kuma a'a kawai kika ce, ba ki miƙa mata komai a madadinsa ba. Ina zaton ma ba ta taɓa jin labarin Larai yadda kika rubuto mini shi ba.

Ranar daka ki kira ta, ki ba ta taɓarya, ki ba ta labarin tun daga Katsina har Sawakin. Sannan ki ce kin yarda da bidiyo, amma ke da turmin, da sunan mai shi. In ta ƙi, kada ki yi fushi. Ki roƙe ta dai ta goge maganar attajirai, ta rubuta Yajin Larai kawai, wannan ba ƙarya a ciki.

Allah Ya jiƙan Larai, Ya daidaita tsakaninku.