Tsohon Yadin Kujerar Baba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya sanyin Ingila, ya Anti Rabi da yara? Mu nan Abuja lafiya lau.

Na kai motar marigayi Baba wurin mai ɗinkin kujeru a Karu. Ka ce a sa farar fata don zuwanka Sallah. Baƙar leda na zaɓa. Da ya cire yadin kujerar gaba, ya ga tabon aman Baba, na lokacin da nake kai shi asibiti ni kaɗai, sai ya ce a ƙona. Na hana. Na naɗe shi ban wanke ba, na aiko maka. Rabonka na jinya ke nan.

Gai da kowa. Ka yi wa Baba addu'a, in ka samu lokaci.

Ƙanwarka,
Hauwa