Awon Mazurarin Nawa Ne

Ranar Litinin likita ya janye maganar yi mini aikin zuciya. Ya ce jikina ba zai ɗauka ba, ya ƙara mini ƙwayoyi iri biyu, ya sallame ni gida. Na tambaye shi saura wata nawa, ya ce shi ba ya ƙirga wa mutum kwana. Na ce ya kimanta kawai, ba bugawa zan yi a jarida ba. Ya yi dariya, ya ce in akwai abin da nake son kammalawa, kada in bari damina ta yi nisa.

Ni ne Albert Bawa, ɗan shekara saba'in da ɗaya, mazaunin Muchia a Sabon Garin Zariya. Ina rubuta wannan da hannuna, da rana tsaka, cikin hankalina, ba wanda ya tsaya a kaina. Ƙafafuna ne suka kumbura, kaina lafiya lau. Zuwa gare ku 'ya'yana uku: Scholastica, Gregory da Marvellous.

An ce in kwanta in ɗaga ƙafa. Na gwada, kwanciyar ta gagara. Tun safe na tashi sau huɗu na zagaya tsakar gida na dawo kan teburin nan. Saboda haka in kun ga rubutun ya karkace a wani wuri, to, a tsaye na yi shi.

Na ɗaya. Gyara.

Shekara ashirin da takwas na yi a ɗakin labarai, goma sha ɗaya daga ciki ina tace rubutun wasu. Ƙa'idar da na fi tsananta wa yara masu kawo rahoto ita ce: in jarida ta ɗora wa mutum laifin da ba nasa ba, gyara ya fito da wuri, a shafin da kuskuren ya fito, da sunan mutumin. Nawa gyaran ya yi wata goma sha huɗu a aljihuna.

Marvellous, kina makaranta a Jos lokacin da abin ya faru, bari in faro miki daga tushe.

Marigayiya mahaifiyarku ce ta haƙa ramin taki na farko a filinmu na Palladan, saboda alayyahunta. Da na ajiye aiki sai na karɓe shi. Matan kasuwar Sabon Gari suna ware mini ruɓaɓɓen tumatir da ganyen kabeji da ɓawon albasa, in haɗa da kashin shanu da na kaji, in yi ta juyawa har ya nuna. Amma takin Zariya ba ya zuwa shi kaɗai. Leda ce, ƙusa ce, fasasshiyar kwalba ce. Dole a tankaɗe. Shi ya sa Gregory ya ƙera mini gangar nan: doguwa, mita biyu, an naɗe ta da ragar waya, tana kwance a ɗan karkace a kan tayoyin baro huɗu, injin markaɗe yana juya ta. Lallausan taki ya zube ƙasa ta raga, tarkace ya gangara ya fita ta ƙarshe. Ta yi aiki shekara uku ba ta taɓa ba mu kunya ba.

Matsalarta ɗaya, ciyarwa. Da shebur ake zuba mata. Ka zuba da yawa ta shaƙe, ka zuba kaɗan fetur ya ƙone a banza, mai shebur kuma yana tsaye a bakinta ƙura tana shiga masa hanci. Sai na ce a yi mata mazurari, wato akwatin ƙarfe mai faɗin baki da matsattsen gindi, a tuttula masa baro guda, bel a ƙarƙashinsa ya riƙa jan takin sannu a hankali zuwa bakin ganga.

Na samo awon a wani littafin aikin gona da aka buga a ƙasar waje. Littafin ya ce bangon mazurari ya gangara digiri arba'in da biyar. Na kwafe a takarda da jan biro na miƙa wa Gregory. Ya duba ya ce, "Baba, ba a Zariya aka rubuta littafin nan ba. Takinsu busasshen ganye ne, namu da danshi da yauƙi. Zai manne. A miƙe bangon, a sa rodi a baki." Har ya rubuta haka da fensir a gefen takardar. Na ce masa, "Kai da ka gudo daga kwaleji a aji biyu, kai ne za ka gyara wa farfesa lissafi?" Muka kai takardar wurin Ejiofor mai walda, wanda shagonsa ke kallon shagon gyaran injuna na Gregory a layi ɗaya a Sabon Gari. Shi ma ya ce, "Oga Edita, ni abin da ke takarda nake yankawa, amma ɗanka yana da gaskiya fa." Na ce ya yanka yadda na rubuta. Rodin kuma na ce a bari sai wani lokaci, domin ina ɗokin ganin abin yana tafiya.

Asabar ta biyu da kafa shi, Scholastica ta zo daga Samaru taya ni aiki kamar yadda ta saba. Takin ya cushe a sama ya tsaya cak kamar rufi, ƙarƙashinsa fayau, bel yana ta juyawa ba komai. Ta sa hannu ta danna. Rufin ya rufta da hannun, bututun ƙarfen da ke juyawa yana jan bel ya kama shi. Kafin in zagaya in kashe injin, yatsu biyu na hannun damanta sun tafi.

A asibiti mijinta Nedu ya tambaya wa ya haɗa wannan abu ba kariya. Gregory ya ce, "Ni ne." Ina zaune a benci ɗaya da su. Lahadin da ta biyo baya, a harabar coci, Nedu ya faɗa a gaban mutane cewa gangancin Gregory ne ya nakasa masa mata. Taku uku ke tsakanina da shi. Na sunkuyar da kai ina buɗe littafin waƙoƙi. Da Scholastica ta fito daga asibiti ta aika wa ƙanenta cewa kada ya ƙara taka ƙofar gidanta, shi kuwa bai ƙara takawa ba.

Ga gyaran. Awon nawa ne. Ni na hana sa rodi. Gregory ya gargaɗe ni da baki da rubutu, na ci masa fuska. Ya ɗauki laifin ne don ya rufa mini asiri, ni kuma na bar shi da shi saboda na ji tsoron idon 'yata. Ban da wani dalili da ya wuce wannan, na nema ban samu ba.

Tunda a harabar coci aka ɓata shi, a can za a wanke shi. Na gaya wa fasto ina son minti biyar bayan sujada ranar Lahadi mai zuwa. In ƙafafuna suka kai ni, ni zan karanta wannan sashe da bakina. In ba su kai ni ba, Marvellous, ke za ki karanta, ba ragi, har da maganar kwaleji.

Na biyu. Asalin takardar, mai jan biro da fensir, tana cikin koren fayil a aljihun tebur na ƙasa. Ta Scholastica ce. Ban jira mutuwa ta kai miki ba, 'yata. Kwafinta ne Marvellous ta kawo miki makaranta ranar Talata tare da wasiƙata. Ba ki amsa ba, kuma ban ga laifinki ba. Na ga yadda kika koyi riƙe alli da hagu a gaban 'yan aji huɗu. In za ki yi fushi, ki yi da ni, ki yi iya son ranki, kina da haƙƙi. Abin da nake roƙo shi ne ki sauke wa ƙanenki. Nedu, kai ma ɗana ne. Abin da ka faɗa ka faɗe shi ne bisa labarin da aka ba ka, mai laifin shi ne wanda ya san gaskiya ya yi shiru.

Na uku. Filin Palladan da ramuka da ganga na Scholastica da Gregory ne, rabi da rabi. Ba a sayarwa, ba a rabawa da igiya, har sai an gama mazurarin an gwada shi su biyun suna tsaye. Bayan haka in kun ga dama ku sayar, ba zan taso in hana ba. Na san za ku ce dabara ce ta tsoho don ya tilasta muku haɗuwa. Dabara ce. Ban ɓoye ba.

Tun ranar da abin ya faru ba a sake tayar da injin ba, tamfol ne a rufe. Ga yadda nake so a gama shi, kuma wannan karon ba daga littafi na kwafo ba. Na tambayi Ejiofor, na tambayi masu injin casar shinkafa biyu, na kuma koma kan rubutun fensir.

A yanke tsohon akwatin a zubar, kada a yi masa kwaskwarima. Sabon bango ya miƙe, kada ya gaza digiri sittin da biyar, gefe ɗaya ma ya tsaya a tsaye sak. A walda rodi a bakinsa, tazarar da taki zai wuce amma hannu ba zai shiga ba, kuma walda nake nufi, ba noti da wani zai kwance ranar da yake sauri ba. A cikin akwatin a ratsa sanda mai ƙahoni da za ta riƙa juyawa tana farfasa takin kafin ya cushe. A gindi a sa ƙofa mai zamewa, a ɗaga ko a sauke gwargwadon danshin taki. Bel ya yi tafiyar hawainiya. Sarƙar babur da babban farantin sarƙa mai haƙora za su rage masa gudu. Bututun gaba da na baya masu jan bel da sarƙar duk a rufe su da kwano. Makashin injin ya dawo daidai inda mai zubawa ke tsayawa, ba bayan ganga ba inda na sa shi da. Na auna da ƙafa: taku tara na yi ran nan kafin in kai gare shi.

In wani abu a cikin wannan ya saɓa wa abin da Gregory ya gani da idonsa, a bi Gregory.

Ku hanzarta. Ramuka uku sun nuna tun bara suna jibge. Masu lambun da ke saye a wurina sun fara tambaya, ruwan farko kuma yana iya sauka kafin ƙarshen watan gobe. Jiƙaƙƙen taki ba ya tankaɗuwa.

Na huɗu. Gidan Muchia na Marvellous ne, domin ita kaɗai ce ba ta da nata, kuma ita ce ta ajiye neman aiki a Kaduna ta dawo tana auna mini hawan jini safe da yamma. Ɗakin mahaifiyarku ya zauna a buɗe ga duk wanda ya zo kwana cikinku. Bishiyar gwaiba kada a sare.

Na biyar. Littattafai. Na tarihi da ƙamus-ƙamus su tafi wurin Scholastica, ko ta riƙe ko ta kai makarantarsu. Ɗaurin tsofaffin jaridun da ke saman kabad, waɗanda sunana ke ciki, ku zaɓi goma ku ajiye wa jikoki, sauran a yayyaga a zuba a rami, takarda tana ruɓewa da kyau. Littafin aikin gonan nan na Gregory ne. Kada ka ƙona shi. Littafin bai yi ƙarya ba, ga takin ƙasarsu daidai ya faɗa. Ni ne na karanta shi na ƙi duba abin da ke cikin barona. Na yi rayuwata ina gaskata abin da aka buga fiye da abin da aka faɗa mini, kuma sau da yawa hakan ya fisshe ni. Ran da bai fisshe ni ba, ba jikina ne ya biya ba.

Na shida. Matan kasuwa su bakwai ne, sunayensu da lambobinsu suna bangon fayil ɗin. Tun zamanin mahaifiyarku suke ware mana kaya, mu kuma kowace Kirsimeti da kowace Sallah mukan kai musu buhun taki ɗaya ɗaya don gonakinsu na gida. Bara ba a kai ba. A kai na bana daga tankaɗen farko.

Na bakwai. Jana'iza ta zama gajera. Kada a buga ɗan littafi mai hotona da jerin yabo. In dole sai an rubuta wani abu, Marvellous ta rubuta, layi goma, a duba rubutun sunaye sau biyu. A sa ni kusa da mahaifiyarku.

Gregory, ban taɓa ce maka na gode da gangar nan ba, balle abin da ka ɗauka a kaina. Na gode. Ka yafe mini maganar kwaleji. Hannunka ya san abin da karatuna bai sani ba.

Ubangiji ya albarkace ku ku uku, da gidajenku, da 'ya'yanku. Ya kiyaye hannuwanku a wurin aiki. Ku riƙa cin abinci tare ko sau ɗaya a wata, a Muchia ko a Samaru, ko a gindin inuwar Palladan da ke tsakani. In ɗayanku ya yi kuskure ya faɗa a makon, kada ya kai shekara. Kada kuma wani ya sake ɗaukar laifin wani don ƙauna, na ga abin da hakan ya yi wa gidan nan.

Albert Bawa
Muchia, Alhamis

Ƙari, bayan na sa hannu. Ejiofor ya kira ni yanzu. Ya ce jiya Laraba, wajen ƙarfe huɗu, ya ga wata mata ta sauka daga keke napep a ƙofar shagon Gregory, da takarda a hannunta na hagu. Yana tsallaken titi da tabarau na walda a fuska, tirela kuma ta gitta, bai ga ko ta shiga ba. Ya ce tsayin da tafiyar na Scholastica ne. Mutum ɗaya ne ya gani. Na kira Gregory sau biyu, na kira Scholastica sau ɗaya. Har yanzu ba wanda ya ɗauka.